Tsakanin Cibiya da Gwiwa

"Kama shi ta hammata, Baba. Kak ka taɓa cinya tai, ihu shikai in an taɓa ta."

Malami ya sunkuya ya kama. Mai maganar ma'aikacin injin casar shinkafa ne a Kalgo, ƙura ta mai da shi fari fat har gashin ido. Shi ne ya ɗauki wayar Jalilu ya kira lambar farko da ya gani, aka ce wa Malami ya baro Gwandu yanzu-yanzu, maƙwabcinsa ya faɗi. Su biyu suka ciccibi Jalilu daga kan tsibin ɓuntun shinkafar da ke bayan injin. Mutumin da a da yake saɓa buhun siminti ya hau tsani da shi yana waƙa, yau bai kai nauyin buhun ba. Jikinsa zafi zau, ga kuma wani wari da ke fitowa daga wandonsa. Malami ya san warin nan sarai, don shekara talatin ke nan yana wankan gawa a unguwarsu, sai dai bai saba jin sa a jikin mai numfashi ba.

Inda suka ɗaga shi akwai sirinji ɗaya da ƙananan kwalabe da aka karye wa wuya.

"Su huɗu na," in ji mutumin injin. "Kullum bayan azahar nan suke zama, allura guda suke zagayawa da ita. Da ya hwaɗi sai sauran sunka watse."

Malami ya sa ƙafa ya tura ɓuntu ya rufe sirinjin, shi kansa bai san dalili ba.

Sunan yankan Jalilu Abduljalil, amma ban da uwarsa babu mai kiransa haka. Birkila ne, ƙofar gidansu na kallon zauren da Malami yake wankin hula. Shekara huɗu da suka wuce ya samu aikin wani bene a nan Kalgo, katakon da ya taka ya karye, ya faɗo daga hawa na biyu a kan ƙugu. An yi ɗori, an kwanta asibiti, ƙashi ya haɗe yadda ya ga dama, ciwo kuwa ya ce ga gida ya samu. A asibitin ne aka fara yi masa wata allurar kashe ciwo da suke ce wa fenta. Aka sallame shi, allurar ba ta sallame shi ba. Tun daga nan duk bayan kwana biyu sai ya ɗingisa zuwa tasha, wai zai je Kalgo neman aiki. Malami yana zaune yana goga sabulu a hula yana ganin fitarsa yana cije baki, yana ganin dawowarsa da yamma ido a lumshe, yana gaishe da kowa har da awaki.

Suka kai shi wani ƙaramin asibiti da ke kusa. Nas ɗin da ta karɓe su, wata doguwa mai suna Salamatu, tana ganin fuskarsa ta sauke ajiyar zuciya.

"Kai na kuma, Abduljalil?"

Ta ɗauki almakashi ta tsarge wandon daga ƙasa. Malami ya kawar da kai kamar yadda ya saba, amma idonsa ya riga ya gani. Daga gwiwa zuwa ƙasa fata ce lafiya lau. Daga gwiwa zuwa sama kuwa babu wurin da za a aza yatsa. Naman ya yi baƙi ya sandare kamar itace, ramuka a jere, wasu sun bushe, wasu na zubar da mugunya, ga wani gyambo a cinyar dama mai faɗin tafin hannu.

"Ɗibi abin ga don Allah," in ji nas Salamatu. "Cikin gyambon shike soka allura. Na hwaɗa mai, na hwaɗa mai, har na gaji. Ban san mi ag ga cinyar ga ba da ya liƙe mata." Ta dubi Malami. "Baba, kai mi nai na?"

"Maƙwabci."

Ta sunkuya wajen kunnen Jalilu. "In hwaɗa mai, ko kai za ka hwaɗi da bakinka?"

Jalilu ya buɗe ido da ƙyar. "Hwaɗa mai. Wanga bai magana. Ko matattu sun yarda da shi."

Ta faɗa masa a tsaye, da muryar wadda ta faɗi irin wannan magana sau ɗari. Wata biyar da suka wuce an auna jinin Jalilu a nan, an samu ciwon hanta, an kuma samu ƙanjamau, duka daga allurar da ake zagayawa da ita. An ba shi magani, ya karɓi na wata ɗaya bai koma ba. An ce ya kawo matarsa a auna ta, ya ce to. Yanzu kuma ruɓar cinyar ta shiga jini, wannan ya fi ƙarfinsu, sai Birnin Kebbi.

"Mata tai ciki gare ta," in ji Malami. Maganar ta fito ne ba da izininsa ba. "Iyalina ta ce ya kai wata shidda."

Nas ɗin ta ajiye almakashin. "Innalillahi. Baba, in tana ɗauke da shi akwai maganin da za ta sha ya tsare abin da ke cikinta. Amma sai an auna an sani, kuma tun kahin ta haihu. Dut satin da ya wuce asara ta."

"Ni za ni hwaɗa mata," in ji Jalilu daga kan gado.

Birnin Kebbi kuwa ya ce atafau ba za shi ba. Ya ce ya kwanta asibiti sau ɗaya ya ga abin da ya kwaso, a mai da shi ɗakinsa. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, daga ƙarshe aka wanke gyambon aka naɗe, aka ƙara masa ruwa leda ɗaya, ya dangwala yatsa a takarda cewa shi ya ƙi. Za su fita nas Salamatu ta tambayi Malami sana'arsa. Ya ce yana wankin hula, in kuma an yi rasuwa a unguwa shi ake kira. Ta buɗe aljihun tebur ta ciro safar hannu ta roba, ƙafa biyu, ta cusa masa a aljihu.

"In ranar ta zaka, kak ka taɓa shi da hannu tsirara."

Bazara ce, rana kamar ta sauko ƙasa. Suka canja mota a Birnin Kebbi, aka matse su a baya tare da buhunan albasa. Duk ramin da motar ta faɗa sai Jalilu ya damƙe gwiwar Malami, ita kuwa gwiwar da ma tana da nata ciwon. Haka har suka iso Gwandu.

A gida kowa ya samu abin da zai kira ciwon da shi. Inna Aishatu, uwar Jalilu, ta ce sammu ne, tun ranar da aka ba ɗanta aikin benen nan ta san akwai waɗanda ba su so ba. Yayansa Habibu, malamin Islamiyya mai guga har a ɗankwalin matarsa, ya ce sanyin ƙashi ne ya yi ƙarfi. A bakin masallaci kuwa ana ta an ce, an ce, ƙasa-ƙasa, sai an hango Habibu a yi tsit. Rumaisa, matar Jalilu, ba ta kira shi da komai ba. Tana dama kunu, tana kwashe kwano, tana fita da tulin ciki ta shanya wanki. Gyambon kuwa Jalilu ya hana kowa gani. Ya ce Baba Malami kaɗai zai riƙa wanke masa, tunda shi nas ta nuna wa.

Haka Malami ya samu wanki na uku. Da hantsi zai bar huluna a jiƙe, ya tsallaka titi da butarsa, ya saki asabari, ya sa safa, ya kwance bandeji. Jalilu zai cusa gefen zane a baki. In an gama sai ya kwanta yana haki, gumi na tsiyaya, jiki na karkarwa don ciwo da kuma rashin allurar.

A rana ta biyu ya ce, "Baba, kai ma kana ganin don maye ni ka yi?"

"Ni ban ce ba."

"Wallahi tun randa nih hwaɗo daga benen ga ban ƙara sanin mi a kwana ba. Kamar an kahwa ƙusa nan," ya nuna ƙugunsa, "ana bugu, ana bugu. Ranar da anka yi min ta asibiti na hwarko, na yi kuka, don na manta haka mutane ke zama ba ciwo. Da hwarko guda na kai ni wuni. Daga baya ukku ba su kai ni la'asar. Yanzu ko na yi ciwon bai tahiya, sai dai shi ja baya kaɗan shi tsaya shina kallona."

Malami ya matse auduga. Ya gaji da jin abin da ba zai iya gyarawa ba, amma ya tambaya, don tambayar ta dame shi tun Kalgo.

"To mi ya sa ka liƙe ma wuri guda har ya ruɓe?"

Jalilu ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Kai ka hwaɗa min."

"Ni?"

"Ka manta? Ina zaune zaurenka da sanduna, kana sa ma hula sitaci. Nic ce Baba, ƙaƙa ake wankan ga naku? Kac ce ana tuɓe mamaci dut, amma daga cibiya zuwa gwiwa ana aza ƙyalle, ba a ɗaga shi har a gama. Hannu ka shiga ƙasa, ido bai shiga. Ko mai zuba ruwa bai ganin komi." Ya miƙo hannuwansa biyu, sirara, babu tabo ko ɗaya. "Abokaina dut sun ɓata hannuwansu da wuyansu. Ni na ce a'a. In an kwantar da ni, Habibu za ya tsaya bisa kaina, ba ni son shi ga abin da za ya hana shi ɗaga kai cikin garin ga. Inna ma ta tahi da sammunta, ya fi mata sauƙi."

Malami ya tuna ranar. Ya tuna har hular da ke hannunsa, wata zanna mai ruwan ƙasa. Ya ɗauka hira ce kawai irin ta mai jinya da ya gaji da zama. Ashe yaron awo yake yi, yana auna wa kansa filin da zai kashe kansa a ciki, shi kuma ya ba shi iyakar da bakinsa. Ya ji haushin Jalilu, ya ji haushin kansa, ya kuma ji tausayin da ya fi haushin yawa.

"Kai za ka wanke ni, Baba."

"Rai na hannun Allah."

"Na sani. Amma kai za ka wanke ni. Kuma abin da kaj jiya Kalgo shi zauna Kalgo."

"Rumaisa hwa?"

"Na ce ni za ni hwaɗa mata. Gobe in na ji dama."

"Abduljalil, akwai rai biyu ɗakin can."

"Gobe, Baba. Kai dai ce min to."

Ya riƙe masa hannun riga, idanun nan da suka yi rawaya suna kansa. Malami ya dubi asabari, ya dubi buta. Ya ce, "To."

Gobe ta zo, Jalilu ya ce zazzaɓi ya hana shi haɗa magana. Jibi ya ce Inna ta wuni a ɗakin. Kullum Malami zai tambaya yana naɗe bandeji, kullum akwai dalili. A rana ta biyar ya daina gane mutane. Yana ta kiran a miƙo masa bulo, a ƙara ruwa a kwaɓi, rana na yi. Bayan la'asar, Malami na zaune a zaurensa yana ɗora hula a kan katako, ya ji salatin Inna Aishatu ya tsallako titi. Bai yi sauri ba. Ya ƙarasa daidaita hular, ya ɗauraye hannu, ya shiga gida ya ce wa matarsa Jummai ta ɗora ruwa ta kawo ganyen magarya.

A bayan ɗakin Jalilu aka kewaye da tabarmi. Habibu ya ce shi zai zuba ruwa, hakkinsa ne, babu mai hana shi. Malami ya ce masa ya je ya ɗauko kafur tukuna. Kafin ya dawo Malami ya cire wa mamacin riga, ya shimfiɗa ƙyalle mai kauri daga cibiya zuwa ƙasan gwiwa, ya ninka shi biyu, ya zare wandon da bandejin ta ƙasa ya ƙunshe a leda. Ya sa safar roba, sannan ya naɗe hannayensa duka biyu da tsumma har wuyan hannu yadda ba za a ga robar ba. A da hannu ɗaya yake naɗewa.

Habibu na zubawa, shi yana wankewa. Dama, sannan hagu. Da ya kai ƙarƙashin ƙyallen, yatsunsa suka bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya san kowanne. Ya ce a ƙara ruwa, a ƙara kafur. Habibu na zubawa hawaye na bin gemunsa. Can ya ajiye butar ya kama hannun ƙaninsa ya juya shi, ya duba ciki da waje, ya duba ɗayan, ya duba wuya.

"Baba Malami, kai shaida na," ya ce. "Ɗibi jiki nai. Ko ƙwarzane babu. Waɗanda sunka ce ƙanena allura shikai, ban yahe musu ba."

Malami ya ce, "Zuba nan."

An yi sallah kafin magariba, an kai shi. A hanyar dawowa Habibu ya riƙa gaya wa duk wanda ya yi masa gaisuwa cewa shi da kansa ya ga jikin. Dabarar Jalilu ta yi aiki tsaf, ko kuskure babu. Malami ya ƙona ledar da safar a bayan gidansa, ya wanke hannu da sabulu sau uku, ya zauna a bakin rijiya ya kasa tashi.

Shekara talatin bai taɓa faɗin abin da ya gani a bayan tabarma ba. Ya wanke mai kuɗi ya ga ƙazanta, ya wanke wanda ake zagi ya ga haske, duk ya haɗiye. Malaminsa da ya koya masa ya ce masa abu ɗaya ne sana'ar, ruwa kowa ya iya zubawa, bakin ne ake nema. Ko Jummai da suka tsufa tare ta daina tambaya tun tana amarya. Mutanen unguwa in sun zo karɓar hula sukan yi masa ba'a, su ce Malami wanki biyu, na kai da na tafiya. Amma kowannensu ya san in ranarsa ta zo, hannun da yake so ke nan.

Yanzu ga shi shirun da ya yi tinƙaho da shi ya zame masa kaya. Yana zaune a zaure, in an buɗe ƙofar gidan makoki sai ya hango Rumaisa a tsakar gida cikin mata, a lulluɓe da mayafin takaba, ta dafa ƙugu za ta tashi. Sai maganar nas ta dawo masa, duk satin da ya wuce. Ya ce wa kansa bari a yi sadakar uku. Aka yi. Ya ce bari baƙi su ragu. Ya lura da kansa yana cewa gobe, da irin muryar da Jalilu yake faɗa, abin ya ba shi tsoro. Ya ƙona hular wani ɗan kasuwa da dutsen guga, abin da bai taɓa yi ba. Tuwo kuwa sai dai ya taɓa ya ture.

"Malam, mi ad da kai?" in ji Jummai.

"Zahi na."

"Zahin ga bana ya hwara?"

Ta kwashe kwanon tana ƙunƙuni.

Ranar bakwai da hantsi, bayan an watse daga addu'a, ya ɗauko wata hula daga kan katako. Ta Jalilu ce, ya kawo wanki tun kafin azumi bai dawo karɓa ba. Ya ce wa Jummai ta shiga ta kira masa Rumaisa zaure, ita kuma ta tsaya daga ƙofar ciki kada kowa ya shigo. Jummai ta dube shi, ta dubi hular, ta wuce ba ta tambaya ba.

Rumaisa ta zo ta durƙusa daga gefe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Ƙafafunta sun kumbura.

"Ina kwana, Baba."

"Lahiya lau, ɗiyata. Ƙaƙa haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki."

Ya ajiye hular a gabanta. Ta dube ta, ba ta taɓa ba. Malami ya shirya maganar tun asuba, yanzu ko kalma ɗaya ya nema ya rasa.

"Baba," ta ce a hankali, "in zancen allura na, kak ka wahal da kanka. Na sani."

Ya ɗago.

"Ni ka wanke wandunanai. Shekara ukku ina kankare jini da mugunya, ina shanya su ta ciki don kada Inna ta gani. Shina ɓoye min, ni ko ina ɓoye mai na sani. Sau biyu ma allurar na soke ni ga yatsa, ya manta ta cikin aljihu." Ta nuna ɗan yatsanta kamar har yanzu akwai abin gani. "Ban hwaɗa ma kowa ba, ba ni kuma hwaɗi. Ya sha wuya, Baba. Ni ka jin kuka nai."

Malami ya kalli yatsan nan.  Ya tuna to ɗin da ya ce wa mamaci, amma ya buɗe baki.

"Ba shi kaɗai na ba," ya ce.

Ya faɗa mata yadda nas ta faɗa masa, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya ambaci sunan cututtukan biyu da bakinsa, a zauren mutane, da rana tsaka. Ya ce mai yiwuwa ba ta ɗauka ba, Allah ne masani, amma in ta ɗauka akwai maganin da zai tsare ta ya tsare abin da ke cikinta, in an yi sauri. Muryarsa ta riƙa fita kamar ta wani.

Ba ta yi kuka ba. Ta sa hannu biyu ta tallafe cikinta ta ƙasa, ta daɗe haka.

"Shi ya sani?"

"Ya sani."

"Tun yaushe?"

"Wata biyat."

"Wata biyat," ta maimaita. "Muna ɗaki guda." Wata akuya ta leƙo zauren ta koma. "Ya ce kak ka hwaɗi?"

"Ya ce."

"Ka amsa mai?"

"Na amsa mai."

"Kuma ka hwaɗi."

"Na hwaɗi, ɗiyata. Ni da shi sai gaban Allah."

Sai a lokacin ta ɗauki hular. Ta juya ta, ta shafa ɗinkin da babban yatsa, ta sa ta a ƙarƙashin mayafi.

"Yaushe za mu?" ta ce.

Inna Aishatu ta ce sam, mai takaba ba ta hawa mota, kwana bakwai da rufe miji a gan ta a tasha, me za a ce? Malami ya ce awon ciki ne, dubi ƙafafunta, kuma Jummai za ta raka ta. Aka kira Habibu. Ya gyara zaman rigarsa ya ce shari'a ta yarda mai takaba ta fita don lalura, in dai za ta kwana a ɗakinta. Ya tambaya me ya sa sai Kalgo, ga asibiti a nan Gwandu. Malami ya ce akwai wata nas a can da ta yi wa marigayi kirki. Wannan kam gaskiya ce, sai dai bai iya kallon Habibu a ido ba da yake faɗa.

Washegari da sassafe suka kama hanya, shi a gaba, matan biyu a baya. Jummai ba ta tambayi komai ba har yanzu, amma tun daga Gwandu hannunta na kan gwiwar Rumaisa. Da suka shiga Kalgo motar ta bi ta gaban injin casar shinkafa. An kwashe tsibin ɓuntun, an fara tara sabo. Malami ya mai da idonsa kan titi.

Nas Salamatu ta gan shi, ta ga mayafin takaba, ta ga cikin. Ba ta ce kai ne kuma ba. Ta ce, "Allah shi jiƙan shi," ta kama hannun Rumaisa ta shige da ita wani ɗaki, ta ce sakamako sai an ɗan jira.

Malami ya zauna a kan bencin baranda, Jummai a ɗaya ƙarshen tana jan carbi. Fanka ba ta juyawa, babu wuta. Ya dubi hannayensa a kan cinyarsa, fatar duk ta tsattsage da sabulu da sitaci. Ya yi tunanin ko wani zai sake kiransa bayan tabarma in da an san abin da ya yi, ya ga bai da ƙarfin damuwa da wannan yau. Barci yake ji, irin wanda ya kwana bakwai yana bin sa.

Ƙofar ta buɗe. Rumaisa ta fito a hankali ta zauna a tsakaninsu, ta naɗe hannun hagu, tana danne 'yar auduga a lanƙwasar gwiwar hannu. Bayan ɗan lokaci ta ɗaga audugar ta duba. Ɗigon jini ɗaya ne, ƙarami kamar ƙwayar gero. Ta mayar ta danne, su uku suka zuba wa ƙofar ido.